Zamanin da Baturiya ke daka a turmi: barorin Ingila a ƙasar Barjiniya



Tsofaffinmu da suka ga zamanin mulkin mallaka sun san gidan kumandan. Sun san boyi, da kuku, da mai wanki, da mai gadi. A wannan gida Bature ke ba da umurni, baƙin mutum ke ɗauko ruwa. Shi ya sa wasunmu ke tsammani haka duniya take tun fil azal. To, yau za mu koma baya wajen shekara 400, mu ƙetare babban teku, mu shiga wani gida na zamanin mallaka. A gidan nan mai ɗauko ruwa Baturiya ce. Mai daka Baturiya ce. Mai shan bulala ma Baturiya ce, kuma Bature ɗan uwanta ne ya saye ta.

Sunan ƙasar Barjiniya. Tana bakin teku, a gabashin ƙasar da muke kira Amurka yanzu. Arewa da ita akwai wata mai suna Meriland. A lokacin Amurka ba ta da mulkin kanta, sai a shekara ta 1776 ta yi shelar ƴanci. Turawan Ingila sun sauka Barjiniya a shekara ta 1607, suka kafa gari, suka sa masa suna Jemstawun. Zinariya suka zo nema, ba su samu ba. Abin da suka samu shi ne taba. Daga wajen 1612 suka fara nomanta, suna aikawa Ingila, ana saye da tsada.

Duk wanda ya taɓa noman taba ya san tana son hannuwa da yawa. A yi reno, a dasa, a nome, a cire tsutsa, a yanke, a shanya. Fili kam akwai shi, don sun ƙwace daga ƴan asalin ƙasar. Masu aiki ne babu. A Ingila kuwa mutane sun yi yawa, aiki ya yi kaɗan, abinci ya yi tsada. Samari da ƴan mata suna yawo gari gari suna neman inda za su ci tuwo.

Ku sani barance ba abin kunya ba ne a Ingila ta wancan zamani. Yawancin matasa suna barin gidan iyaye tun suna ƴan shekara goma sha, su shiga gidan wani manomi ko ɗan kasuwa. Ana ɗaukarsu shekara shekara. In shekara ta cika a biya su lada. Wanda gidan bai yi masa ba sai ya canza. Haka yarinya za ta yi ta tara ƴan kuɗinta har ta yi aure. Saboda haka in aka ce mata zo ki yi barance a Barjiniya, sai ta ɗauka irin wanda ta sani ne.

Amma kuɗin jirgi fam 5 ne zuwa 6, abin da baranya ba ta samu ko a aikin shekara guda. Sai ƴan kasuwa suka ɓullo da dabara. Suka ce: mu za mu biya maka jirgi, kai kuma ka biya mu da aiki, shekara 4, ko 5, ko 7. Ana rubuta wannan alkawari a takarda. Asalin al'adar, sau biyu ake rubuta shi a kan falle ɗaya, sa'an nan a yanke tsakiya a karkace kamar haƙoran zarto. Kowa ya riƙe rabi. In gardama ta tashi sai a haɗa rabi da rabi a ga ko haƙoran sun shiga juna.

A wancan lokaci, cikin matan Ingila goma, da ƙyar ɗaya ke iya rubuta sunanta. Sai a karanta wa yarinya takarda, ko a faɗa mata abin da aka ga dama, ta yi ɗan zane a ƙasa a maimakon sa hannu. Akwai kuwa wata kalma a ciki wadda ta fi sauran nauyi. Takardar ta ce za ta yi wa wane aiki, ko duk wanda wane ya miƙa wa takardar. Ma'ana, ana iya sayar da takardar. In an sayar da takarda, yarinya ta bi ta.

Ba kowa ba ne ma ya tafi da son ransa. A shekara ta 1619 hukumar birnin Landan ta tattara yara marasa galihu wajen 100 daga tituna, ta aika da su Barjiniya. Akwai kuma ɓarayin mutane a tashoshin jiragen ruwa, masu yaudarar yara da alewa, manya da giya, har su tsinci kansu cikin jirgi. Abin ya yi yawa har birnin Biristol ya buɗe littafi a 1654, ana rubuta sunan kowane bara kafin ya tashi. Daga 1654 zuwa 1686 an rubuta suna wajen 10.000 a littafin nan kaɗai. Cikin kowane huɗu, kusan uku maza ne, ɗaya mace. Masana tarihi sun ce cikin Turawan da suka je Barjiniya da Meriland a shekarun 1600, wajen kashi uku cikin huɗu da irin wannan takarda suka je.

Tafiyar ta kai kilomita 6.000, a jirgin katako mai tafiya da iska. In an yi sa'a mako bakwai ko takwas, in iska ta ƙi har wata uku. Da jirgi ya tsaya, masu gonaki su hau, su duba kaya. Su taɓa damtse, su duba haƙora, su tambayi yarinya ko ta iya ɗinki da tatsar nono. A yi ciniki, sau da yawa da taba ake biya, don ita ce kuɗin ƙasar. Akwai wata riba kuma. Tun 1618 doka ta ce duk wanda ya biya wa mutum ɗaya kuɗin jirgi za a ba shi fili eka 50 ta Ingilishi, wato wajen hekta 20. Ita ta ƙetare teku, shi ya samu gona a kanta.

Yanzu mu bi ta zuwa gida. Kada ku kawo gidan bene mai farin fenti a ranku. Irin waɗannan sai daga baya, kuma na manyan attajirai ne. A shekarun 1600 yawancin gidajen na katako ne, ɗaki ɗaya ko biyu, da murhu a gefe guda. Maigida, da uwargida, da yara, da barori, duk rufi ɗaya. Baranya takan kwana a ɗan rufin sama, ko a ƙasa kusa da murhu, a kan katifar ciyawa. Gidajen nesa da juna suke, kowane a bakin kogi cikin gonarsa. Babu kasuwa kusa, babu dangi, babu ƙawar da za a kai wa kuka.

Kafin aiki ma sai ta fara da ciwo. Kusan kowane baƙo yakan kwanta a shekararsa ta farko: masassarar cizon sauro, da zawo mai jini, da cutar gurɓataccen ruwa. Da yawa a nan tafiyarsu ke ƙarewa. Har masu saye sun fi son baran da ya riga ya ci shekara guda a ƙasar, ko da kwanakinsa na aiki sun ragu, don an ga alamar zai rayu.

In ta tashi daga ciwo, ga aikinta. Da asuba ta hura wuta, ta ɗauko ruwa daga rijiya ko marmaro, ta tatsi shanu, ta ba kaji da aladu abinci. Ta dafa, ta wanke, ta yi renon ƴaƴan uwargida, ta kula da lambun bayan gida. Sabulu ba saye ake ba. Ita ke tara toka, ta tace ruwanta, ta dafa da kitse, kamar yadda iyayenmu mata ke yi. Ranar wanki kuwa, ruwan da za a ɗauko da itacen da za a ƙona sun isa su karya bayan mutum.

Amma aikin da barorin Ingila suka fi ƙi shi ne daka. Mata masu saurarona, nan ku kuka fi ni sani. A Ingila alkama da sha'ir ake ci, kuma kaiwa ake wurin mai niƙa, ruwa ko iska ke juya dutse. Yarinyar nan ba ta taɓa riƙe taɓarya ba. A Barjiniya kuwa abinci masara ce. Daga ƴan asalin ƙasar Turawa suka koyi nomanta, daga gare su suka koyi turmi. Wuraren niƙa kaɗan ne, kuma da nisa. Sai a jiƙa masara, a surfa, a daka, a tankaɗe, a yi fate ko waina. Kullum haka, safe da yamma, don bakin mutum shida ko takwas. Maza barori ma akan sa su daka da dare bayan sun dawo daga gona. Ranar Lahadi hutu ce ga masu fartanya. Tukunya kuwa ba ta san Lahadi ba.

Masu neman barori a Ingila sukan ce mace aikin gida kawai za ta yi, ba za a kai ta gona ba. A gidan mai hali haka ne. A gidan ƙaramin manomi, in taba ta nuna, kowa fita yake. Muna da shaida daga dokar haraji. A 1662 majalisar Barjiniya ta ce baranyar da ke aikin gona, sai maigidanta ya biya haraji a kanta kamar namiji. Da abin ba ya faruwa, da ba a yi masa doka ba.

To, ƴan uwa, nan ne nake so ku saurara da kyau, don nan ne ainihin labarin. Baranya ba ta da albashi. Ci da sutura da wurin kwana kawai ake ba ta. In ta yi laifi, da me za ta biya tara? Abu ɗaya take da shi a duniya, shi ne kwanakinta. Saboda haka dokokin ƙasar duk a kan kwanakin nan suka faɗa.

In ta gudu aka kamo ta, dokar Barjiniya ta 1643 ta ce ta biya ninki biyu na kwanakin da ta ɓata. In ta sake gudu, a yi mata lalas da ƙarfe mai zafi. A Meriland abin ya fi tsanani: kwana ɗaya na gudu, kwana goma na aiki. Ku lissafa da kanku. Gudun wata guda ya zama aikin wata goma. Wanda ya ɗaga hannu ga maigida ko uwargida, ƙarin shekara ɗaya. Wanda yunwa ta sa ya saci alade, in ba shi da tabar biya, ƙarin shekara biyu. Yaron da ya sauka ba takarda a hannunsa, alƙalai ke duban fuskarsa su ƙiyasta shekarunsa, ya yi aiki har ya kai 24.

Aure kuma an hana sai da yardar maigida, shi kuwa ba zai yarda ba, don ciki da goyo suna rage aiki. Ku tuna maza sun ninka mata sau uku, yarinya ita kaɗai ce cikin daji. In ta yi ciki ba aure, dokar 1662 ta ce ta biya taba wajen kilo 900, ko ta ƙara shekara biyu. Wani lokaci har da bulala a gaban jama'a. Sai aka lura wasu masu gida su da kansu ke yi wa barorinsu ciki, sa'an nan su ci ribar shekara biyun. Me majalisa ta yi? A cikin shekarar nan ta 1662 ta ce in cikin na maigida ne, ba zai samu shekara biyun ba. Amma ita ma ba za a sake ta ba. Bayan wa'adinta ya cika, dattawan majami'a za su sayar da ita ga wani na shekara biyu, tabar ta shiga asusun majami'a. Hujjarsu wai in aka saki irin waɗannan mata, kowace za ta laƙa wa maigidanta ciki. Ni dai da na karanta wannan doka na daɗe ina juya ta. Masu gida ne suka zauna a majalisa suka rubuta ta, kuma kowane layi nata ya nuna haka.

Duka kuwa halal ne a idon doka, muddin an ce horo ne. A 1624 aka kai wata magana gaban babban gidan shari'a na Barjiniya. Wata baranya mai suna Elizabeth Abbott ta mutu bayan dukan da aka yi ta yi mata a gidan wani John Proctor da matarsa. Maƙwabta sun ba da shaida cewa sun ga jikinta duk miki, wani ya ce ya ƙirga bulala 500. Littafin shari'ar yana nan har yau, kuma ba a rubuta wani hukunci a kan maigidan ba. Daga baya, a 1662, aka yi doka cewa kada a binne bara a ɓoye, sai maƙwabta sun zo sun ga gawa. Wannan doka ma ta gaya mana abin da ke faruwa a wasu gidaje.

Kada mu yi ƙarya, ba dukan gidaje ne haka ba. Akwai masu gida na kirki, har wasu kan bar wa bara saniya a wasiyyarsu, ko su yafe masa sauran kwanaki. Kuma bara yana da ikon kai ƙara. Littattafan shari'a cike suke da barorin da suka je suka ce an hana su abinci, ko an riƙe su bayan wa'adi ya wuce. Wasu sun ci nasara, musamman mai rabin takardarsa a hannu. Wanda tasa ta ɓace, ko aka karɓe, sai abin da maigida ya faɗa. Amma ko a gidan kirki, in maigida ya mutu aka zo lissafin dukiya, sunan baranya yana cikin jeri ɗaya da shanu da tukwane. A rubuta sauran shekarunta, a sa musu kuɗi.

Wani zai tambaya: to, ina bambancin wannan da bauta? Akwai shi, kuma babba ne. Takardar baranya tana da ranar ƙarewa. Ɗan da ta haifa ba dukiyar maigida ba ne har abada. Baƙaƙen Afirka na farko an sauke su Barjiniya a 1619, su ashirin da ɗoriya, kuma da farko suna aiki kafaɗa da kafaɗa da barorin Ingila, suna ci tare, har suna gudu tare. A 1640 barori uku suka gudu daga gida ɗaya, aka kamo su a Meriland. Biyu Turawa ne, ɗaya baƙi mai suna John Punch. Kowa ya sha bulala 30. Turawan biyu aka ƙara musu shekara huɗu huɗu. John Punch aka ce ya yi aiki har ƙarshen ransa. Laifi ɗaya, alƙalai ɗaya, rana ɗaya. A 1662 kuma doka ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, wato ɗan baiwa bawa ne. Daga shekarun 1680, da barori suka rage zuwa daga Ingila, masu gonaki suka juya ga sayen bayi daga Afirka, har bayi suka zama su ne ƙarfin gonakin taba.

Baranyar da Allah ya ja kwananta har wa'adi ya cika, ana ba ta guzurin sallama. Dokar Barjiniya ta 1705 ta faɗi adadinsa. Namiji, masara wajen buhu biyu da rabi, da sule 30, da bindiga. Mace, masara kusan buhu huɗu, da sule 40. A Meriland an yi wani zamani da bara ke samun iznin fili hekta 20. Matan kam ba su daɗewa ba miji, saboda ƙarancinsu. Akwai wadda ko wa'adi bai cika ba, wani manomi zai biya sauran kwanakinta ya aure ta. Ta zama uwargida a ɗaki ɗaya na katako, da turmi a ƙofa. In taba ta yi kuɗi, su ma su je bakin jirgi su sayi tasu baranyar.

Wannan ciniki bai mutu da zuwan bayi ba. Ya ci gaba har bayan shekara 100, kuma daga 1718 Ingila ta ƙara da aiko da ƴan kurkuku, wajen 50.000 kafin 1776, ana sayar da su na shekara 7 ko 14.

Muryar barorin kansu kuwa da wuya a ji ta, tun da yawancinsu ba su rubutu. Abin da muka sani daga bakin alƙalai da masu gida ya fito. Amma akwai wata wasiƙa da ta saura. Ranar 22 ga watan Satumba 1756, wata baranya mai suna Elizabeth Sprigs ta aika wa mahaifinta takarda daga Meriland zuwa Landan. Ta bar gida cikin fushinsa, sai ta fara da neman gafara. Ta gaya masa tana aiki kusan dare da rana. Ta ce ɗaure ta ake a yi mata bulala. Abincinta masara da gishiri, shi ma da ƙyashi ake ba ta. Ba ta da takalmi, tufafinta sun ƙare, kwananta a ƙasa cikin bargo ɗaya. Ba ta ce ya zo ya fanshe ta ba. Tufafi ta roƙa, ta kwatanta masa wurin wani ɗan kasuwa a garin Baltimo inda za a ajiye mata in ya aiko.

Shekarar nan yaƙi ake tsakanin Ingila da Faransa, ana kame jirage a teku. Wasiƙar ba ta kai hannun mahaifinta ba. Ta ƙare cikin tarin takardun gidan shari'ar jiragen ruwa a Landan, gari ɗaya da shi. A can ta zauna shekara fiye da 170, sai a 1935 wata mai binciken tarihi ta buga ta cikin littafi.